Baba Kumai, Mai Gasa Fenti a Bayan Tasha

Duk wanda ya saba bi ta bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan da safe ya san rumfar Baba Kumai, ko da bai san sunan mai ita ba. Ƙarfe bakwai yana kan kututturensa, ƙashin babur tsakanin gwiwoyi, yana kankara da sanfefa. In ka miƙa masa hannu, gwiwar hannu zai ba ka. Baƙi sukan ɗauka girman kai ne. Ba haka ba ne. Ƙarfen da ya wanke da fetur ba ya son maiƙon tafin hannu, in ya gaisa da kai ya taɓa shi, fenti zai kumbura a wurin. Faston ikilisiyarsu ma gwiwar hannun yake samu.

Ƙarshen watan nan Baba Kumai zai rufe rumfar. Warin fenti na shekara da shekaru ya kama masa ƙirji, likita ya ce ya isa haka, zai koma ƙauye ya yi noman citta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sauran masu fenti fesawa suke yi su shanya a rana. Shi gasawa yake yi, kamar yadda ya koya a Loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, lokacin da yake aiki a can. Ya haɗa tanda da duro biyu, gawayi a ƙasa, ya rataye tanki da sauran ƙarafa da waya a ciki. Ba shi da ma'aunin zafi. Farar takarda yake sakawa, in ta koma launin ƙuli-ƙuli, wuta ta yi daidai. Ku tambayi Sista Edna ungozoma, wadda ƙaramin babur ɗinta ke ratsa rafuka zuwa ƙauyuka. Damina shida ke nan da ya gasa mata shi, har yau tsatsa ba ta sami wurin zama ba.

Doka ɗaya gare shi, kuma ita ce ta haɗa ni faɗa da shi: ba ya ɗora fenti a kan tsohon fenti. Sai ya kankare har ya ga farin ƙarfe.

Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, lokacin da kowane malamin makaranta ya wayi gari da babur. Ƙanena Meshak ya sayi na hannu a wurin wani ɗan kasuwa mai wucewa. Zai auri Lucia daga Samaru Kataf, kuma yayin da ake yi a lokacin shi ne ango ya ɗauko amarya a bayan babur ɗinsa har ƙofar majami'a, abokai na biye a jere. Meshak ya riga ya cika baki a gidan surukai cewa jan babur ne zai zo, mai ɗaukar ido. Ran Litinin muka kai wa Baba Kumai, biki Asabar. Ni ne babban wa, hidimar duka a kaina take.

Da na koma ran Laraba sai na tarar da ƙashin babur tsirara a jingine, an zagaye wuyansa da alli.

"Malam Luke, zo ka gani," in ji Baba. "Wuyan mashin ya tsage. An cika shi da kwalta, an shafa fenti a kai."

Na duƙa na duba. Tsagar ba ta fi zare kauri ba.

"Baba, wannan ɗan abin? Ka fesa kawai, bayan biki ma gyara."

"Amarya zai hau wannan mashin?"

"Za ta hau."

"To, ni ba na fenta shi."

Abin da na gaya masa a ranar ba na rubutawa ba ne. Na ce tsufa ya fara taɓa shi. Na ce so yake ya kunyata gidanmu a gaban surukai. Mutane suka taru. Ya ci gaba da aikinsa. Da na gaji da haushi na tafi, sai ya ɗora ƙashin babur a ka, tsoho da shi, ya kai wa Malam Arzika mai walda a bakin kasuwa. Walda ba ta ƙare ba sai Juma'a da la'asar. Gashin fenti kuwa shafi uku ne, kowane sai ya huce kafin na gaba. Sai Baba ya shafa masa shafin farko kawai, ya ɗaure babur ya aiko mana.

Ran Asabar Meshak ya ɗauko amaryarsa a kan babur mai launin tukunyar ƙasa. Matan zumuntar majami'a sai da suka sa shi a waƙa. Surukai suka yi ta tambaya ina jan babur ɗin. Na ji kunya har cikin ƙashina, kuma na riƙe ta. Shekara uku in na hango rumfarsa sai in tsallaka titi.

Makon jiya na je wurin Malam Arzika gyaran ƙofa, hira ta kai mu ga tafiyar Baba. Ya tashi ya tona cikin tarkacensa, ya ajiye mini wani guntun bututu a gabana.

"Malam, ka san wannan? Wuyan babur ɗin ƙanenka ne. Guduma ɗaya na ɗora masa, ba da ƙarfi ba, ya rabe biyu. Tsatsa ta cinye cikinsa duka. Mutum biyu a kai, ga gangaren hanyar Kagoro. Wallahi ban ga yadda za su iso ba."

Na juya bututun a hannuna. Da babban yatsa na ɓantari gefensa, ya marmashe. Sai na nemi wuri na zauna.

Baba Kumai, kai ne ka tsaya aka zage ka a gaban jama'a, alhali da ka fesa jan fenti a ranar da yabo za ka sha. Kai ne ka san abin da ke cikin ƙarfen nan shekara uku, ba ka taɓa aiko mini da shi don ka rufe mini baki ba. Mai kankara har farin ƙarfe, na gode. Da na zo neman gafara jiya, ka ce, "Malam, ni ban ji zagin ba, ina tunanin yarinyan mutane ne." Wannan ya fi ramuwa yi mini zafi, kuma na cancanta.

Ku masu fenti, masu walda, masu gini, har da mu malamai masu alli: in aiki ya zo hannunku, ku duba abin da ke ƙarƙashi kafin ku rufe, ko da mai aikin zai yi fushi. Fushina ya yi shekara uku ya wuce. Abin da Baba ya hana faruwa ba mai wucewa ba ne.

Ubangiji ya ba ka sauƙin ƙirji, Baba, ya sa wa gonarka albarka. Lucia ta ce in gaishe ka. Ranar bikinta an yi mata dariya tun daga Samaru har Kafanchan, amma ta sauka a ƙofar majami'a da ƙafafunta, ta shiga ciki tana tafiya. Kai ka sauke ta.