Tasar Goggo da Husufin Wata

Jiya jikata ta yar da tasa a tsakar gida, ƙarar ta mayar da ni garinmu Dogo Nini, wajen Goggo, yayar babana.

Komai aka kawo mata, tambayarta ɗaya ce: "Me zai ƙara wa miya?" A shekarun saba'in na gama digiri a ilimin sararin samaniya, aka ba ni gurbin yin digiri na biyu a Ingila. Baba ya ce zaman shago ya fi, amma Goggo ce mai yanke hukunci.

A makon aka yi husufin wata bayan magariba. Unguwa ta fito tana kaɗa gwangwanaye don rana ta saki wata. Na ɗauko lemo da fitila zan nuna wa Goggo cewa inuwar duniya ce ta rufe wata.

"Ajiye lemon, ɗan nan. Ka san lokacin da za a sake shi?"

"Na sani, Goggo."

"To, in ya kusa, taka min ƙafa."

Ta zauna tana tauna goro har hannun kowa ya mutu. Da na taka mata, ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta zabga wa tasa muciya. Gefen wata ya leƙo, mata suka rangaɗa guɗa.

Ta dubi Baba. "Bar shi ya tafi. Karatun nan da amfaninsa."

Na kalli husufi a Jamus da Masar cikin manyan masana, ban ga wanda ya more shi kamarta ba. Allah Ya cika kabarinta da hasken da ba ya dusashewa.