Amin ɗin da Yaya bai ce ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Yayana ya rasu a asibitin da ya shekara ashirin da shida yana yi wa yara ƙafar roba da takalmin ƙarfe. Ciwon hanta ne. Ina riƙe da hannunsa.

Yaya, Baban Ƙafa yaran suke kiranka. Kafin ka auna dungun yaro sai ka ɗumama tef ɗin awo a tafin hannunka don kada sanyinsa ya firgita shi. Ka taɓa kwana uku kana goge bakin wata ƙafa saboda mai ita, 'yar shekara huɗu, ta ɗan yamutsa fuska, ko kuka ba ta yi ba.

A ɗakin aikinka na asibitin nan ka bar coci. In na zo da wa'azina sai ka nuna mini kantar da ƙananan ƙafafu suke jere, ka ce, "Auta, kin ce Allah yana gani, yana da iko, yana da ƙauna. To, ki zaɓi biyu, ukun ba sa zama tare a ɗakin nan." In na ce zunubin duniya ne, ka ce wane zunubi jaririn wata shida ya yi. In na ce gwaji ne, ka ce kai ko kare ba za ka gwada haka ba. Sai in fita a fusace ina cewa taurin kai ne kawai, amma har in kai gida maganar tana cina.

Safiyar ranar da ka rasu na yi maka addu'a, na ce, "Yaya, don Allah ka ce amin. Amin kawai." Ka buɗe ido da ƙyar ka ce, "Yarinyar nan mai jan takalmi ta girma, ƙarfen yana cin ta a ƙwauri. Ki ce a sassauta." Daga nan ba ka ƙara magana ba.

Da na fito, Mama ta tare ni a baranda ta ce, "Ya amsa?" Na ce ya amsa. Nan take ta durƙusa tana godiya. Magana ta kai kunnen fasto, yanzu ga shi an sa ni in ba da shaida ranar Lahadi a gaban jama'a, in faɗi yadda ka komo a ƙarshe.

Wayyo Yaya, tsoro nake ji. Ina tsoron inda kake. Ina tsoron fuskar Mama in ta ji gaskiya, ga hawan jini. Ina tsoron in tsaya a majami'a in yi ƙarya da sunanka, kai da ba ka taɓa ce wa yaro ba zai ji zafi ba alhali zai ji. Abin da ya fi razana ni, jiya na durƙusa zan yi addu'a sai tambayarka ta riga ni zuwa baki.

An sassauta ƙarfen, ni na kai saƙon da kaina. Yau zan zauna da Mama, ranar Lahadi kuma abin da ka faɗa shi zan faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da matarka, da 'ya'yanka mata biyu, da iyayen yaran da ke tafiya da aikin hannunka. Ubangiji ya ba mu haƙuri.

Ya Yesu, ka yi masa jinƙai. Ka san bai ce amin ba. Ga ni ina faɗa a madadinsa, in za ka karɓa daga bakina. Amin.