Mai Ɗanɗana Gyada a Kasuwar Rogo

Saude na zaune gaban tsibin gyadarta a kasuwar Rogo, tana jiran cinikin da zai kai mata garin tuwo gida, sai ga wani mutum ya fito daga baƙar mota. Shaddarsa sai ƙara take yi, ya toshe hanci da hankici. Matarsa da 'ya'yansa suna cikin sanyin mota, suna shan lemo, suna kallon mutane ta gilashi.

Ko sallama babu. Ya damƙi gyada cike da hannu, yana ɓarewa yana watsa ɓawon a tabarmarta.

"Iya, wannan ai ta sha ruwa," in ji shi, baki cike. Ya ƙara damƙa, ya zuba a aljihu, ya yi gaba.

Saude ta bi shi da harara. Takalminsa na sheƙi, amma diddigensa duk faso ne, irin na wanda ya girma a gona. Ta tabbata a wani ƙauye akwai tsohuwar da ta sayar da gyada ta kai shi makaranta, wadda ba ya leƙawa sai da salla.

Ta ja tsaki, ta gyara tsibin, don kada mai saye ya ga ramin da hannunsa ya bari.