Baba Mai Sanyi da Rabin Awarsa

"Aron famfon zuƙe iska kawai nake so, Baba. Sauran aikin duk na gani a waya," in ji wani tela maƙwabcinmu.

Baba Mai Sanyi, tsohon mai gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, na layinmu, ya dube shi ta saman tabarau. "Na ba ka. Amma famfona ba ya zuwa unguwa shi kaɗai. Ka ajiye min kujera, kuma ba ka buɗe gas sai na ce." Suka tafa.

Tela ya sayi esin ne saboda tsohuwarsa da zafi ke toshe wa numfashi, ya kuma rantse da hannunsa zai ɗaura. Ya huda bango, ya ja bututun tagulla, ya ɗaure noti. Gas ɗin yana kulle a injin waje. In aka sake shi alhali bututu na yoyo, ya tafi ke nan, tsohuwa ta koma fifita.

Baba ya iso da famfon, aka jona shi ya zuƙe iskar cikin bututu. Famfo ya gama gurnani, tela ya rarumo sifana zai buɗe gas.

"Ina zuwa? Zauna mu kalli allurar geji, agogon awon nan. In ta motsa, akwai ɓaraka."

"Har yaushe, Baba?"

"Kai da ke riƙe wa mutane ɗinki wata uku, rabin awa ce ta gagare ka?"

Ba a yi minti ashirin ba allura ta fara rarrafe. Baba ya sa aka kwance notin, sai ga bakin bututu a tsage, tela ya matse shi da ƙarfin tsiya. Aka yanke, aka gyara baki, aka sake zuƙa, aka sake zama. Da aka buɗe gas, Baba ya bi kowace mahaɗa da kumfar sabulu, ko ƙwaya ɗaya ba ta kumbura ba.

Haka muka san shi shekara arba'in. Tun zamanin esin taga mai nauyin ɗan maraƙi, da hantsi za ka gan shi a kan keke, geji a wuya, sabulu a aljihu. Yaran yanzu su ɗan fesa gas, su ce an kori iska, su kama gabansu. Shi bai taɓa ba. Bana gwiwa ta ƙi tsani, ya rufe shago.

Baba, kai ne mai zama inda wasu ke gudu. Kai ne ka nuna mana aikin da ido ba ya gani shi ne aiki. Allah Ya saka maka, Ya sanyaya maka yadda ka sanyaya mana. Masu tasowa, ku koyi wannan haƙuri tun mai shi yana raye.

Wa ya ci riba? Tsohuwar tela, da yanzu har bargo take nema. Wa ya faɗi? Mai ƙarin gas na bakin kasuwa, sai kuma mu, da ba mu san wa za mu kira ba baɗi.