Tsargiya ce ta hana ni zuwa Rasha

Salamu alaikum jama'a. Wata biyar ban saka komai a nan ba. Na ga masu cewa Haruna ya isa Rasha yana cin ƙanƙara, wani ma ya yi mini ta'aziyya. Na gode, amma ina garinmu Abu Na'ama, a kan tabarma, da ƙaramin ciki.

Tun ina makarantar allo nake fitsari da jini. A garinmu duk wanda ya yi wanka a tur'a, wato magudanar ruwan gona, haka yake yi. Manya na cewa alamar ka zama namiji ce. Har gasa munka yi ta wanda nashi ya fi ja.

Bara wani mutum ya fara zama a rumfar shayi. Ustaz ake ce mishi, ban taɓa ganin ya ja salla ba. Yana nuna mana bidiyo a waya: sojan Rasha na shiga gari bayan gari, Yukren ta kusa faɗuwa. Ya ce: "Ya shabab, ku samari, Rasha na son baƙar fata. Gadin sito kawai za ku yi. Kafin ku iya gaisuwarsu yaƙin ya ƙare."

Mu da namu yaƙin ya cinye mana noma biyu, ba mu yi dogon tunani ba. Ni da Abakar ɗan baffana munka ba da suna.

Ya kai mu wani gida a Sinnar wai gwajin lafiya, anka ba kowa kwalbar fitsari. Kun san halina. Na zuba ragowar shayin da nake sha, na rufe, na miƙa.

Sakamako ya fito: lafiya ƙalau.

Na gaya wa Abakar muna dariya. Can ya daina, ya ce: "To mi sunka duba?" Na ce: "Ƙafa biyu da hannu biyu mana." Takardar da munka dangwala wa yatsa kuwa ba ajami ba ce, ba boko ba, haruffan kamar an juya su baya.

Saura kwana tara tafiya, ina cire ciyawa a hawashar Baba, wato gonarshi, da hantsi, na ji tashin zuciya. Abin da ya fito jini ne, baƙi, mai gudaji. Maƙwabcinmu na gona ya tsaya yana kallo, ya ce: "Karkade ka sha, zoɓo ne kawai, ɗan banza, ba ka kama ni yau." Sai da na faɗi ya jefar da fartanya.

A asibitin Sinnar anka ɗaura mini ruwa, anka ƙara mini jini leda uku. Baba ya ba da ɗaya. Ranar gwajin fitsari ya ce wa ma'aikacin: "Ka tsaya mishi bakin ƙofa, wanga ba a ba shi kwalba a juya baya."

Likitar mace ce. Ta shafa mini wani mai mai sanyi a ciki, ta duba a na'ura. Ta ce tsargiya iri biyu gare ni, ɗaya a mafitsara, ɗaya ta taɓa hanta, saifa ta kumbura, jijiyar maƙogwaro ta fashe. "Da a jirgi wannan ya same ka, gawa za su sauke."

Ban yarda da ita ba. Na ji ana cewa a Yukren ta yi karatu, yaƙi ya koro ta. Na ce shi ke nan, ita da Baba sun haɗa baki. Na riƙa ɓoye ƙwayoyin da ta ba ni a ƙarƙashin katifa. Na ce mata: "Daktora, ke dai ba ki son Rasha ta ci."

Ta ce: "Ni ba na son ka sake amai a kan takalmina. Ɗaga katifar."

Ta tsaya har na haɗiye. Manya ne, ɗacinsu har cikin kunne.

Sannan anka zura mini tiyo mai ido ta baki, anka ɗaure jijiyoyin. Nan na ji tsoro na gaske. Na karanta duk abin da na haddace, har da wanda malam ya dake ni a kai ban riƙe ba. Inna ta sayar da awakinta biyu saboda wannan aikin, ba ta taɓa ambata mini ba.

Ina kwance Abakar ya tafi.

Saƙonshi na farko yana dariya, ya nuna mini takalman da anka ba shi. Na biyu ya ce babu sito, bindiga ce, horo na 'yan kwanaki. Na uku muryarshi ƙasa ƙasa: "Haruna, ba su kiran sunanmu. Kango guda muke ta faɗa a kai tun zuwana. Su kansu yaransu sun gaji, kowa na neman raunin da zai mai da shi gida. Kar ka zo."

Na nemi Ustaz, lambar ba ta shiga. Mai shayi ya ce bai san shi ba. Mutumin da ya yi wata biyu a bencinshi!

Yanzu ina tafiya har kasuwa, cikin ya sauka, fitsari fari kamar na liman. Alhamdu lillahi. Na gode wa Baba da Inna, da waɗanda sunka ba da jini, da daktora, wadda na roƙi gafara ta ce sai na cika zuwa awo.

Ku ji ni. Jini a fitsari ba mazantaka ba ce, ciwo ne, maganinshi na nan, ku kai yara tun da wuri. Ku rage wanka a tur'a. Takardar da ba ku iya karantawa, kar ku sa mata yatsa. Bidiyon wanda ke cin yaƙi kuma, ku tambayi mai nunawa don mi shi bai tafi ba.

Wata uku ke nan wayar Abakar a kashe. In akwai wanda ke da ɗan'uwa can, a tambaya mana: dogo ne, da tabon ƙuna a hannun hagu. Innarshi na zuwa gidanmu kullum bayan la'asar ta ce in sake kunna mata saƙon farko, mai dariyar. Sauran biyun ban gaya mata akwai su ba.