Rafin da Ya Koma Kalar Shayi da Madara

Rami ya rufta da mu huɗu a dajin Gana, ni kaɗai aka ciro da rai. Mutanen wani ƙauye da ke bakin rafi ne suka tono ni da hannu. Shekara tara ina haƙar zinariya ba da izini ba, abin da muke kira galamsi. Daga ranar ban sake shiga rami ba. Wani ɗan unguwarmu ta Zango ya nema mini biza, na zo Dubai.

Na samu aiki a wani ofis a unguwar Port Saeed, hawa na shida. Ni ke shara, ni ke kai shayi. Aikin masu ofishin shi ne su duba wa masu sayen zinariya inda aka haƙo ta, ko an ɓata daji da ruwa a wurin. Ranar da za a ɗauke ni aiki an tambaye ni sana'ata a gida. Na ce noma. Da na faɗi gaskiya da ban samu aikin ba.

Akwai wata 'yar Nijar a ofishin, ita ke duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka. Tana ce mini Baba, ina ce mata Hajiya. Ban taɓa ganin mai haƙurinta ba. Gajimare zai rufe hoto, ta nemi na wani watan. Shi ma ya rufe, ta nemi wani. Tana zaune a Dubai, amma ta san ramin da aka haƙa bana da wanda ciyawa ta fara cinyewa. Mu da muke cikin dajin ba mu taɓa ganin girman abin da muka yi ba.

Wata safiya na kai mata shayi, na ga wata kwanar rafi a allonta. Na san ta. Ƙasa da ita kaɗan ƙauyen da suka tono ni yake, kuma rafin suke sha. Dajin da ke sama da su kore shar.

"Nan lafiya lau, Baba," in ji ta. "Ba a taɓa shi ba."

In ta rubuta haka, za a ci gaba da sayen zinariyar yankin. In na yi magana, za ta tambaye ni inda na sani. Na tsaya riƙe da faranti.

"Baba, shayin nan nawa ne ko naka?"

Na ajiye. Na ce, "Hajiya, ana haƙa a nan."

"Ga itatuwa a tsaye."

"Da gangan aka bar su."

Na faɗa mata yadda muke yi. Tun da aka fara leƙo mu daga sama muka daina sare manyan itatuwa. A gindinsu muke haƙa, mu ɗebi ƙasa a buhu, mu kai rafi mu wanke da zaiba. Na ce ta bar kallon ganye, ta duba ruwa inda ya fito fili.

Ta juyo da kujera. "An ce kai manomi ne."

"Na yi ƙarya."

Ta koma kan allo, ta jawo rafin kusa. Ruwan ya yi jaja-jaja. Na ɗauka magana ta ƙare, sai ta girgiza kai.

"Damina ma tana dama ruwa, Baba. Sai na ga na rani."

Kwana uku ta yi. Ta jera hotunan rani, shekara bayan shekara. A na farko rafin baƙi ne kamar shayi ba madara. Daga nan ya fara haske. A na ƙarshe kamar an juye masa gwangwanin madara. Ta duba wani rafi a gefe, wanda ba a wanki a cikinsa, ta ga yana nan baƙi. Sannan ta yarda. Ba don na faɗa ba, don ta gani.

Kafin ta miƙa rahoto ta same ni a kicin. "Dole in rubuta yadda aka yi na duba ruwan. In ka ce a'a, sai in faɗa wa manaja akwai abin da ba zan bayyana ba. Amma ƙarya ba zan rubuta ba."

Na ce ta rubuta.

Manaja ya kira ni. Ta biyo ni ba a kira ta ba, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce masa in ba don ni ba da ofishinsa ya sa hannu a kan kuskure. Ya daɗe yana kallon tabon da ramin ya bar mini a hannu. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, koma aikinka."

An cire yankin daga wuraren da aka ce suna da tsabta. Ko ruwan ƙauyen ya washe, ban sani ba tukuna. Ta ce duk rani za ta duba mini.

Ina unguwar Al Nahda yanzu, ɗaki ɗaya mu shida. Ina shara, ina kai shayi. In ta ga daji ya cika kore, takan kira ni in tsaya a bayan kujerarta.