Daɓen Katsi

A shekarar da aka kawo Shari'a, aka raba mu da maza a makarantarmu ta Kaura. Su suka riƙe tsohon aji, mu kuma aka gina mana ɗakin ƙasa a bayan ofis, babu daɓe. Hedimasta ya ce in damina ta same mu a haka, sai dai mu zauna gida har kaka. Na ji Baba yana gaya wa Inna cewa in an rufe ajin, gara in tafi Zurmi in taya gwaggona aiki. Na kuwa san yarinyar da ta yi irin wannan tafiya ba ta komawa aji.

Siminti buhu biyu aka samu, ɗakin kuma uku yake so. Wani tsohon magini da iyayenmu suka kira ya zagaya ɗakin yana taka ƙasa da diddige.

"Ku samo mani katsi," in ji shi.

"Katsi kuma, Baba? Dattin marina?" Hedimasta ya tambaya.

"Awo. Da shi munka shahe soraye tun kana tsotson yatsa, Malam."

Katsi laka ce da ke kwantawa a gindin ramin rini. Masu rini su kwashe, su busar, su ƙona, abin da ya gama amfani su tara a gefe. Ranar kasuwa wata mota ta kawo mana shi daga Zurmi.

Mu aka sa tankaɗe. Na ɗauko tsohuwar rariyar Inna na zauna can nesa da sauran. Garin yana zuba a hankali, fari-fari, amma in rana ta ratsa shi sai in ga shuɗi kaɗan. Na riƙa tunanin rawuna da zannuwan da suka bi ta cikin ramin suka tafi garuruwan da ban sani ba, suka bar mana gugar launinsu.

Magini ya auna kwano biyu na siminti, ɗaya na katsi, ya zuba yashi, ya kwaɓa. Kafin la'asar ya shafe ɗakin sumul.

Kwana uku bayan haka Hedimasta ya ja ƙusa a kai, sai ga layi ya fito.

"Baba, wannan ai tuwo ka tuƙa mana."

"To kawo miya. Wanga ba ya son gaggawa. A lulluɓe shi, a ba shi ruwa sahe da marece, kwana ashirin."

Aka shimfiɗa buhuna. Kwanakin farko kowa tana rububin ban ruwa, daga baya aka manta. Ban tambayi kowa ba, sai na riƙa sammako da buta biyu, in kuma dawo bayan Islamiyya. In na ɗaga buhu na zuba, daɓen yakan sha da 'yar ƙara, ƙamshin marina ya tashi. Inda ya jiƙe yakan yi duhu, wani lokaci ya ɗauki siffar raƙumi, wani lokaci gulbi mai rassa, ina tsugune ina kallo har ya ɓace. Gabas kuwa kullum hadari sai ƙara haɗuwa yake.

Saura kwana biyu ashirin ta cika, ruwan farko ya sauko da hantsi muna karatu a gindin bishiya. Hedimasta ya ce mu kwashi benci mu shiga. Na kama wani benci mai ƙafar ƙarfe, ya fi ƙarfina, na ja shi ƙiii tun daga bakin ƙofa. Na juya, na durƙusa, na shafa inda ya bi. Ko alama babu.

"Ke, mi kike biɗa nan ƙasa?" in ji Malamarmu. "Allurarki ta faɗi?"

Aka kwashe da dariya. Na zauna na cire takalmi, na ɗora tafin ƙafa a kan sanyin daɓen, ruwa yana dukan kwano a samanmu.

Da gwaggo ta aiko tana tambayar yaushe zan zo, Baba ya ce a gaya mata sai an yi hutu.